Ruwan shan saniyar tatsa: inda madara ke ɓace wa masu kiwo a Maradi

Duk mai kiwon saniyar tatsa a cikin garin Maradi ko ƙauyukan kewaye, in ka tambaye shi mi ke ci mashi kuɗɗi zai ce maka dusa, harawa, tunkuza, sai maganin tsutsa in ta kama. Da wuya ka ji ya ambaci ruwa. Alhali ita wannan madarar da ake ta wahala a kanta kashi 87 cikin 100 nata ruwa ne, wato in ka tatsi lita 10 to kusan lita 9 ruwa ce saniyar ta ɗebo daga jininta ta zuba maka a ƙwarya, ɗan abin da ya rage shi ne mai da sukarin madara da sauran abubuwan gina jiki. Kuma ba ta hantsa kaɗai ruwan ke fita ba, shina fita ta fitsari, shina fita ta kashi, shina fita ta zufa da numfashi, waɗannan biyun na ƙarshe ma su ne ke cin kaso mai yawa da bazara kuma ba mai ganinsu da ido.

Sai kuma aikin da ruwa ke yi a ciki. Saniya ba ita ke narkar da kara da harawa da kanta ba, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke zaune cikin tumbinta suna ruɓar da abincin su fitar mata da amfanin da ke ciki, su kuma ba sa aiki sai cikin ruwa, dole abin da ke tumbi ya zama kamar jiƙo. Ga yawu, babbar saniya mai cin abinci sosai tana iya yin yawu sama da lita 100 a rana ɗaya wajen ci da tuƙa, tana haɗiye shi ya koma jiki ya sake dawowa, amma dai sai da ruwa a jikin zai samu. Shi ya sa abu na farko da saniya ke yi in ruwa ya yi mata ƙaranci shi ne ta rage cin abinci. Mai gida ya zuba dusa mai tsada ya ga an bar rabi a kwano sai ya ce ko ba ta da lafiya, ko dusar ce ba ta da kyau, a je a nemo allura, alhali ƙishirwa ce kawai.

Ni a ganina matsalar gado ce munka yi. Kiwon da munka tashi munka gani shi ne na daji, irin na arewacin Dakoro da Bermo da kwarin Tarka, inda rijiya ke da zurfin da sai an ɗaura wa raƙumi ko jakkai ko bajimi igiya su ja wasaki, garke ya yi tafiya mai nisa tsakanin makiyaya da rijiya, a sha sau ɗaya a rana, in rani ya tsananta ma a sha yau a tsallake gobe. Shanunmu na gida, Azawak da Bororo da Gudali, Allah ya yi su da juriyar wannan, suna iya rage fitsari, kashinsu ya bushe, su riƙe ruwan jikinsu fiye da shanun Turai nesa ba kusa ba. Makiyayin daji ba shi da laifi, abin da ke gabanshi shi ne garke ya kai damina da rai. Amma kai da ka ɗaure saniya biyu ko biyar a bayan gida a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko garin Tibiri, kana sayen abinci da kuɗɗinka don ka sayar da madara da kindirmo, ba neman ta rayu kawai kake ba, madara kake nema, sai kuma ka ɗauko tsarin shayarwar daji ka kawo cikin gida: bokiti da safe, bokiti da marece, shi ke nan. Saniyar ba za ta mutu ba, za ta yi abin da jikinta ya iya, ta tsare ranta ta rage maka madara. An ma gwada wannan a wuraren bincike a Turai, anka rage wa shanun tatsa rabin ruwan da sunka saba sha, cikin 'yan kwanaki madara ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

Kowa ya san da damina madara na cika kasuwa har ta yi arha, da rani kuma a yi ta nema. Mukan ce ciyawa ce, kuma gaskiya ne, sai dai mun manta ita ɗanyar ciyawa ai ruwa ce mafi yawanta, wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100. Saniyar da ta ci kilo 35 na ɗanyar ciyawa a watan Agusta ta sha kusan lita 28 ke nan ba tare da ta sa baki a komi ba. Wannan saniyar dai a watan Afrilu, ka ba ta kilo 9 na harawa da kara da dusa, duk ruwan da ke cikinsu bai kai lita ɗaya ba don busasshen abinci ruwanshi bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ka ga ashe tun kafin a yi zancen zafi akwai giɓin fiye da bido guda na lita 25 da ya kamata a cike mata da ruwan sha. Ga kuma zafin ya zo ya hau kai.

To lita nawa take buƙata? Ba amsa ɗaya ba ce, kuma duk wanda ya ba ka lamba ɗaya tak ya ce ita ce ta kowace saniya a kowane wata ka yi hattara da shi. A lissafin da ma'aikatan kiwo ke yi a ƙasashen Sahel wajen tsara rijiyoyin makiyaya, dabba mai nauyin kilo 250 ana sa mata lita 25 zuwa 40 a rana, wannan kuma na dabbar garke ce gaba ɗaya, ba na wadda ake matsa wa ta ba da madara ba. Ita mai tatsa akwai wani ma'auni na sauƙi da ake amfani da shi, kowace lita ta madara tana tafiya da lita 4 zuwa 5 na ruwa in an haɗa wanda ta sha da wanda ta samu cikin abinci. Wannan ma'aunin ya fi dacewa da shanu masu madara da yawa, in saniya lita 3 take bayarwa kar ka ce lita 15 ta ishe ta, don jikinta kanshi shina da buƙatarshi ko da ba ta ba da ko ɗigo ba.

Akwai wani lissafi da masu bincike a Amurka sunka fitar a 1983 wanda har yanzu ake koyar da shi, ya nuna abubuwan da ke ƙara wa saniyar tatsa shan ruwa. Kowane kilo na busasshen abinci da ta ci shina ƙara kusan lita ɗaya da rabi, kowace lita ta madara tana ƙara kusan lita ɗaya, gishirin da ta ci shina ƙarawa, sannan kowane digiri ɗaya da zafi ya hau shina ƙara lita 1.2. Abin da ya fi ba ni sha'awa a lissafin nan, ba zafin tsakar rana sunka ɗauka ba, mafi ƙarancin zafin da aka samu a yini sunka ɗauka, wato na dare zuwa asuba. Kuma duk ɗan Maradi ya san abin da ake nufi, a watan Afrilu da Mayu rana ta wuce digiri 40, amma abin da ke galabaitar da mutum da dabba shi ne daren da ba ya sanyi, ka kwanta a tsakar gida ƙasa na fitar da turiri har asuba. A ce daren Janairu digiri 14 ne, daren Mayu kuma 28, bambancin digiri 14 ke nan, ka ninka da 1.2 ka samu kusan lita 17 ƙari a kan saniya ɗaya, abinci ɗaya, madara ɗaya, wata kawai ya canza. Da shanun Holstein, irin na Turai masu yawan madara, anka yi wannan gwajin, namu ba su kai su sha ba, amma hanyar ɗaya ce.

In za ka yi tanadi dai, saniyar gida mai ba da lita 4 zuwa 6 ka tanadar mata lita 50 zuwa 60 a rana da bazara, in ta bar saura ba asara ba ce. 'Yan ruwa biyu da ake samu yanzu ta hanyar baye da allura, masu jinin Turai da ke ba da lita 12 ko 15, su ka yi lissafin lita 80 zuwa 100. Holstein tsantsa mai madara sosai kuwa tana wuce lita 100 cikin sauƙi, da zafi ta kai 150. Wannan ne ma abin da nake son masu sha'awar sayen irin waje su fara dubawa kafin su biya kuɗɗi, don saniyar da ta ninka maka madara za ta ninka maka ɗiban ruwa, kuma ita ba ta da haƙurin Azawak, yini ɗaya ka yi mata wasa da ruwa za ka gani a tatsar gobe. Ko ita Azawak ɗin, madarar da take bayarwa a tashar kiwo ta Tukunus da ke yankin Filinge, inda anka daɗe ana zaɓen irinta, ai ba jini kaɗai ba ne, kulawa ce har da ta ruwa.

Mu kawo shi ga abin da muke aunawa da shi a gida. Saniya 5 kowace lita 60, lita 300 ke nan a rana, bido 12 na lita 25, ko tano ɗaya da rabi na lita 200. Ban sa maruƙa ba, ban sa wankin hantsa da ƙwarya da bokitin tatsa ba. Yanzu ka duba bido nawa ke shiga wajen shanunka da gaske, ba wanda kake tsammani ba. Ko nawa ake sayar da bido a unguwarku, ka ninka, ka kwatanta da kuɗɗin lita ɗaya ta madara da rani, za ka ga lita ɗaya ko biyu da ta ƙaru ta biya ruwan har da canji. Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da naka shanun ke sha ita ce ka sake masu ruwa su sha iya son ransu na 'yan kwanaki kana ƙirga bidon da kake zubawa, ka debe abin da ya rage. Kwanakin farko za su sha kamar ba gobe don sun saba da tsoron ƙarewa, daga baya su daidaita, wannan lambar ta baya ita ce taka.

Akwai wata magana da ke yawo, wai in saniya ta sha ruwa da yawa madararta za ta tsinke, kindirmo ya ƙi kama jiki. Har akwai masu hana ta sha kafin tatsa saboda haka. Ba haka jiki ke aiki ba. Hantsa na haɗa sukarin madara, shi wannan sukarin ne ke janyo ruwa daga jini zuwa cikin madara daidai gwargwadon yawanshi, ba ƙari ba ragi, ruwan da ya yi yawa a jiki kuma ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari. Abin da ke sa madara kauri ko tsinkewa shi ne irin saniyar, da abin da take ci, da tsawon lokacin da ta yi tun haihuwa, sannan madarar farkon tatsa kullum ta fi tsinkewa, ta ƙarshe ta fi mai. In ka ga madara ta tsinke fiye da kima a kasuwa to a bayan tatsa ruwan ya shiga, wannan kuma wani zance ne daban na tsoron Allah.

Yanzu ga inda nake ganin an fi yin asara, lokacin sha. Saniyar tatsa ta fi jin ƙishirwa da zarar an gama tatsarta, tana iya shan kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan yininta cikin awa ɗaya bayan tatsa in ta same shi. Duk macen da ta taɓa shayar da jariri ta san wannan ƙishin da ke taso mata yaro na gama sha, to haka abin yake. Sai lokaci na biyu, bayan ta ci busasshen abinci. Mu kuma mi muke yi? A yi tatsa da sassafe, a zuba dusa, yara su tafi makaranta, mai gida ya fita kasuwa, ruwa sai mai amalanke ya iso wajen hantsi ko azahar. Awannin da ta fi buƙata sun wuce a banza. Da marece ma haka, a yi tatsa, a shiga gida, sai gobe, alhali da bazara saniya ta fi sakewa ta ci abinci da dare in iska ta ɗan yi sanyi, ta ci ta nemi ruwa babu, sai ta tsaya da cin. Ko ba ka iya komi ba, ka tabbata akwai ruwa a gabanta bayan kowace tatsa, kuma ka cika mata komin ruwanta kafin ka kwanta.

Ga zancen bokiti. Saniya ba lasa take kamar kare ba, baki take nutsawa ta zuƙa, tana iya shan lita 10 zuwa 15 cikin minti ɗaya. Bokitin lita 15 ke nan minti ɗaya ko biyu ya tashi. Kuma ɗabi'arta ta sha ta ɗaga kai ta huta ta dube-dube sannan ta koma, to yaron da aka sa aikin da ya ga ta ɗaga kai sai ya ce ta ƙoshi ya janye bokiti ya kai wa ta gaba, don shi ma sauri yake ya tafi ƙwallo. In an bar ta da kanta takan zo wajen ruwa sau da yawa a yini, duka lokacin da take ɓatawa a sha bai fi rabin awa ba, amma a rarrabe take son shi. Sau biyu a rana ya fi sau ɗaya, sau uku ko huɗu ya fi sau biyu, ruwa a gabanta dare da rana ya fi duka. Wadda ke ɗaure a turke ita ce ta fi shiga uku don ko tana hangen ruwa ba ta iya zuwa, ita dole a aje mata nata inda igiya ke kaiwa, a kafa shi yadda ba za ta ture ba.

Komin ruwa ba sai mai tsada ba. Tano da anka raba biyu a tsaye ya yi, a dai lanƙwashe bakin ƙarfen kar ya yanke ta, kuma a tabbata ba tanon maganin ƙwari ko man inji ba ne. Na siminti ya fi ƙarko kuma ruwa ya fi sanyi a ciki, in za ka sa magini ya yi maka ka ce ya bar rami a ƙasa da abin toshewa don wanki, ya goge cikin ya yi santsi, kusurwoyin su zama masu lanƙwasa. Tsayinshi daga ƙasa wajen santimita 60 zuwa 80 ga manya, yadda ba za su sa ƙafa ko su yi kashi a ciki ba, ruwan kuma ya yi zurfin da baki zai nutse sosai ba tana zuƙo iska ba. Littattafan Turawa na cewa a bar wa kowace saniya wajen santimita 10 na bakin komi a ƙasa mai zafi, amma su shanunsu ba ƙaho, kai da ke da Bororo mai ƙahon da ya kai hannu biyu a buɗe ka san ita kaɗai ta tare komi guda. Kuma cikin kowane garke akwai uwar gayya, in ta tsaya a bakin ruwa karsanar da ta yi haihuwar fari ba ta isa ta matso ba, sai ta haƙura ta koma gefe, kai kuma ka ce wannan ai ba ta da madara ne. Wuraren sha biyu a nesa da juna na maganin wannan, don ba ta iya tsare duka biyun. A yi rumfa a kai ko ta zana ce, ruwan da ya yini a rabin tano cikin ranar Mayu zafi yake yi har ya ƙona hannu, kuma rana ce ke sa gansakuka saurin fitowa. Ba a buƙatar ƙanƙara, inuwa ta isa. Kewayen komin a zuba tsakuwa ko a yi daɓe, in ba haka ba wurin ya zama taɓo, kofato ya ruɓe, hantsa ta ƙazantu.

Wanda ke da famfo a gida ya sa irin ƙwallon robar nan da ke rufe ruwa da kanta in komi ya cika, masu aikin famfo sun san ta, ba ta da tsada. Amma kar ka dogara da famfo kaɗai, don lokacin da shanu sunka fi buƙata shi ne lokacin da ruwa ya fi ɗaukewa ko ya zo siriri sai tsakar dare. Ka samu ajiyar kwana biyu ko uku, tanoni ko ƙaramin shato, a rufe. Masu foraj mai aiki da hasken rana su ma su tuna da ranakun hazo da ƙura da injin ba ya ja sosai.

Sai tsabta. Hancin saniya ya fi namu nesa, ɗan kashi kaɗan ya faɗa a ruwa za ta rage sha, ko dusar da ke manne a bakinta ta taru a ƙasan komi ta yi tsami. Ba za ta ƙi sha gaba ɗaya ba, za ta sha na dole ta bari, shi ya sa ba a lura. Ka sa hannu ka shafa bangon komin, in ka ji yauƙi to lokacin wanki ya wuce. Da bazara kowane kwana biyu ko uku a zubar a goge da buroshi, da sanyi ko sau ɗaya a mako, in an sa jabel a ɗauraye sosai kafin a cika. Kaji ma a hana su hawa.

Ruwan zartsi kuma akwai shi a wasu rijiyoyi. In gishirin da ke narke a ruwa bai kai giram 1 a lita ba lafiya lau ne, har zuwa giram 3 shanu na sabawa ko da za su ɗan yi zawo da farko, amma in ya wuce giram 5 bai dace da mai ciki ko mai tatsa ba. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne wanda ba a ji a baki ba a gani da ido. Mu nan ba sai an ba mu labari ba, abin da ya faru a Tibiri daga shekarun 1980 zuwa wajen 2000 kowa ya sani, ruwan foraj garau mai kyaun gani amma sinadarin fuloraid ya yi yawa a ciki, yara da yawa haƙoransu sunka lalace ƙasusuwansu sunka lanƙwashe. Shanu ma wannan sinadarin na kama su, haƙora su yi dabbare-dabbare su zaizaye, gaɓoɓi su yi tauri. Rijiyar da ke kusa da masai ko tulin taki ko lambun da ake zuba takin zamani da yawa kuma tana iya ɗaukar sinadarin nitirat, wanda in ya shiga tumbi shina juyewa ya hana jini ɗaukar iska, dabba ta yi ta haki, jininta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Don haka wanda ya kashe miliyoyi ya haƙa foraj ya ƙara ɗan abu kaɗan ya kai ruwan a auna mashi a ma'aikatar ruwa kafin ya sakar wa iyali da dabbobi. Masu ba da yuriya a abinci ko dutsen lasa mai yuriya su kiyaye kar ruwan sama ya jiƙa shi ya taru a kwano saniya ta shanye, wannan kisa yake cikin ɗan lokaci.

Tabki da gulbi fa? Gulbin Maradi 'yan watanni kawai yake gudu, tun da anka yi dam ɗin Jibiya a Najeriya ma ruwan ya ƙara raguwa, sai tabkuna da ke saura bayan damina, da tabkin Madarunfa. Ruwan kyauta ne, ba mai cewa kar a sha, amma saniyar tatsa da ka sa wa jari ni ban so ta dogara da shi. A bakin irin wannan ruwan ne ƙananan dodon koɗi ke zama, su ne ke rainon tsutsar hanta, tsutsar ta fito ta manne a ciyawar bakin ruwa saniya ta ci, bayan watanni ka ga tana ramewa, ƙasan haɓarta ya kumbura, madara ta janye, mahauta sun fi kowa sanin irin hantar da suke zubarwa. Ga matsattsaku da ke shiga hanci, ga cututtukan da ake ɗauka in garkuna daga ko'ina sunka haɗu a mashaya ɗaya, irin ciwon baki da kofato da ciwon huhu. In tabki ya kusa ƙafewa ya yi kore shar kamar an zuba fenti a saman, a nisanta dabbobi da shi, wannan koren na iya zama dafi. Tafiyar ma kanta ci take, ƙarfin da ta kashe a hanya cikin rana daga madararka anka cire shi.

Kanwa da gishiri muna ba shanu tun kaka da kakanni, makiyaya har In Gall suke kai garke lasar gishiri a ƙarshen damina, kuma saniyar tatsa na buƙatarsu don tana zubar da su ta madara da zufa. Sai dai duk abin da ya ƙara gishiri ya ƙara ƙishi. Kuskuren da ake yi shi ne a jiƙa kanwa a cikin ruwan shan gaba ɗaya ya zama ba ta da wani sai shi. A aje gishirin Bilma ko kanwar a gefe ta lasa, ko a ba ta jiƙon daban, ruwa mai daɗi kuma shina nan a wajenshi. Haka ruwan dusa da mata ke dama masu, shina da kyau kuma shina sa su sha da yawa, amma ba ya maye gurbin ruwa zalla, kuma in ya yini a rana tsami yake.

Alamun ƙarancin ruwa ba su da wuyar gani ga mai lura. Kashi ya yi tauri ya fito a murɗe maimakon ya baje, fitsari ya ragu ya yi ja, hanci ya bushe, tuƙa ta ragu, ta riƙa kuka tana kallon inda ake kawo ruwa. In ka kama fatar wuyanta ka ja ka saki ya kamata ta koma nan take, in ta tsaya a tattare na ɗan lokaci ko ka ga ido ya faɗa ciki to abin ya yi nisa, a nemi likitan dabbobi, musamman in akwai zawo. Dabbar da ta daɗe da ƙishi sosai kuma kar a sake mata ta cika ciki lokaci ɗaya, a ba ta kaɗan-kaɗan a jere har ta dawo.

Ranar haihuwa saniya na zubar da ruwa mai yawa daga jikinta, da ta sauka a kawo mata ruwa mai ɗan ɗumi a gabanta, bokiti ɗaya ko biyu za ta shanye, a ƙara in tana so, wannan na taimaka mata ta koma cin abinci da wuri, dakashi ma ya samu. Shi kuma maraƙi mutane na cewa ai shina shan nono mi zai yi da ruwa. Nonon da ya tsotsa ba tumbi yake shiga ba, akwai wata hanya a cikinshi da ke naɗewa ta wuce da shi kai tsaye zuwa cikin ƙarshe, ruwan da ya sha a kwano shi ne ke sauka a tumbi, kuma da shi ne waɗannan ƙananan halittun ke fara zama har ya iya narkar da dusa da ciyawa. Tun cikin makon farko a aje mashi ƙaramin kwano mai tsabta ƙasa-ƙasa inda bakinshi ke kaiwa, a canza ruwan kullum, balle a gidajen da ake raba maraƙi da uwa a ɗaure shi yini guda don a samu na tatsar marece.